Babi na Shida: Lemun Tsami, Ruwansa da Bawonsa da Ganyensa

A kasuwannin Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, akwai wani ɗan ƙulli da masu kayan miya ke ɗaurewa da roba su jera a gaban tebur. Abu uku ne a cikinsa: sandunan ciyawar nan mai ƙamshin lemu da ake dafa shayi da ita, gutsuren galangal wanda dangin citta ne, da 'yan ganyaye masu duhun kore da sheƙi. Duk wanda aka gani da ƙullin nan a hannu, an san tom yum zai dafa, wato farfesun jatan lande mai yaji da tsami, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024.

Girkin ba ya ɗaukar lokaci, amma yana da tsari. Idan romo ya tafasa, mai girki za ta daddaka ciyawar kaɗan ta jefa, ta yanka galangal ta zuba, ta yayyaga ganyen da hannu don man da ke cikinsa ya fito. Sai jatan lande da barkono da ruwan kifi mai gishiri su biyo baya. Lemun tsami kuwa yana gefe yana jiran nasa lokacin. Sai an sauke tukunya daga wuta za a matse shi, wasu ma a kwanon ci suke matsewa sannan su juye romon a kai.

Ga abin da baƙo ba ya lura da shi: ganyen da ruwan ba daga bishiya ɗaya suka fito ba. Ganyen na wani lemu ne da mutanen Tailan ke kira makrut, ruwan kuma na ƙaramin lemun tsami ne da suke kira manao, irin wanda ake kasawa a kasuwannin Kano da Maraɗi. Masu girkin can sun daɗe da sanin cewa tsami da ƙamshi ba wuri ɗaya suke zama ba, kuma wuta ba ta yi musu mu'amala iri ɗaya. Tsamin yana cikin ruwa, ƙamshin yana cikin koren bawo da ganye. Wanda ya san lokacin da kowannensu ke shiga tukunya ya mallaki mafi yawan ilimin girki da lemun tsami.

Iri uku, aiki uku

Na farko shi ne ƙaramin lemun tsami mai siririn bawo da 'ya'ya da yawa, wanda masana tsirrai ke kira Citrus aurantiifolia. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne. Fatake Larabawa suka kai shi Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, Sifaniyawa kuma suka tsallaka teku da shi zuwa nahiyar Amurka a ƙarni na 16. Yana da kaifin tsami da ƙarfin ƙamshi. Idan aka bar shi ya nuna a kan bishiya yakan koma rawaya, ruwansa ya ƙaru, kaifinsa ya ɗan sauka.

Na biyu ya fi girma, ba shi da 'ya'ya, bawonsa ya fi kauri, don haka yana jure doguwar tafiya. Sunansa Citrus latifolia, kuma aure ne tsakanin ƙaramin lemun da babban lemun tsami mai launin rawaya. Shi ne ya cika manyan kantunan Turai da Amurka, yawancinsa daga Meziko da Barazil.

Na uku shi ne makrut, Citrus hystrix. Jikinsa duk ƙuraje ne, ruwansa ɗan kaɗan ne kuma yana da ɗaci, har a ƙauyukan Tailan an fi saninsa da wanke gashi a kan girki. Darajarsa tana cikin bawo da ganye. Ganyen ba ya ɓuya: biyu ne a haɗe, ɗaya a kan ɗaya, domin ƙafar ganyen ta yi faɗi har ta kusa kai ganyen kansa. Mafi yawan man da ke cikinsa wani sinadari ne mai suna sitronelal, kuma shi ne ke ba da ƙamshin da ke cika ɗakin girki da zarar an murje ganye ɗaya a tafin hannu.

Ganyen da ake yagawa da wanda ake yankawa

Hanya biyu ake bi da ganyen makrut, kuma irin abincin ne ke zaɓa. Idan abin mai ruwa ne, ana yaga shi ko a murje a jefa gaba ɗaya, ya saki ƙamshinsa cikin romo, a ture shi gefen kwano lokacin ci domin yana da tauri. Haka ake yi a tom kha gai, farfesun kaza da madarar kwakwa. Haka kuma ake yi a rendang na mutanen Minangkabau da ke yammacin tsibirin Sumatra a Indonesiya, inda ake dafa naman sa cikin madarar kwakwa da kayan yaji na sa'o'i, har ruwan ya ƙone naman ya koma soyuwa cikin man kwakwar. A girki mai nauyi irin wannan, ganyen lemun da ganyen kurkum su ne ke hana maiƙo ya gundiri baki.

Idan kuwa ganyen ci za a yi, to sai an yi masa aikin wuƙa. Ana naɗe shi biyu a zare jijiyar tsakiya, a jera ganye huɗu ko biyar, a naɗe su tare, a yanka siriri iya yadda hannu zai iya. Wannan yankan ne ake kwaɓawa cikin tod man pla, niƙaƙƙen kifi da ake soyawa dunƙule-dunƙule, kuma shi ake barbaɗawa a kan miyar panang kafin a kai ta gaban masu ci. A tsibirin Jaba ana zuba shi cikin ƙullun garin shinkafa da gyaɗa a soya rempeyek, wani abin marmari mai ƙaras-ƙaras. A Kambodiya kuwa turmi ake sa shi, a kirɓa da ciyawar lemu da galangal da kurkum da tafarnuwa, a samu haɗin da suke kira kroeung, wanda shi ne ginshiƙin amok, kifin da ake turarawa cikin ganyen ayaba.

Bawon makrut ma yana da aikinsa. Masu haɗa kayan koriyar miyar kori ta Tailan suna feƙe koren bawon su daka tare da ɗanyen barkono. Har a tsibirin Reyiniyon da ke Tekun Indiya, inda ake kiransa kombaba, ana goga shi cikin haɗin tumatir da barkono da ake ci da shinkafa.

Ruwan da ke dafa kifi ba da wuta ba

A gaɓar tekun Peru, ruwan lemun tsami shi ne murhun. Ana yanka ɗanyen kifin da aka kamo da safe gutsi-gutsi, a sa gishiri da barkono da jar albasa, a matse lemu a kai. Cikin 'yan mintoci naman kifin zai sauya daga mai sheƙi zuwa fari mai ɗan tauri. Dalili kuwa shi ne tsamin yana warware furotin ɗin da ke cikin tsoka, irin warwarewar da zafi ke yi masa. Wannan shi ne sebiche, ana cinsa da dafaffen dankali mai zaƙi da masara mai manyan ƙwayoyi. Ƙasar ta keɓe masa ranar 28 ga Yuni kowace shekara, UNESCO kuma ta amince da shi a 2023. A da can akan bar kifin cikin ruwan lemu na sa'o'i. Masu girki 'yan asalin Japan da suka zauna a Peru suna cikin waɗanda suka gajarta lokacin zuwa mintoci, don kifin ya riƙe laushinsa.

Masu sebiche suna da wata ƙa'ida da ta dace kowane ɗakin girki ya ɗauka: ba a matse lemu har ƙarshe. Da an kai rabi ko ɗan fiye ake yar da shi, domin matsa ta ƙarshe ita ke fito da ɗacin farin ɓangaren bawo. Kuma ba a matsewa a ajiye. Ruwan lemu idan ya daɗe a buɗe, wani sinadari mai suna limonin yana taruwa a cikinsa, ɗanɗanon ya koma ɗaci, ƙamshin kuma ya tashi. Zafi yana gaggauta duka biyun, shi ya sa mai tom yum ke jiran a sauke tukunya.

Yadda mutanen Peru suka riƙi lemunsu ya bayyana a garin Tambogrande na yankin Piura, inda ake noman lemun tsami da mangwaro. Wani kamfanin Kanada ya nemi haƙar zinariya a ƙarƙashin garin, manoma suka ƙi. Masu goya musu baya suka kai maganar har Lima, suna tunatar da mutanen birni cewa idan gonakin lemu suka mutu, sebiche ma ya tafi. A watan Yuni na 2002 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ce ba sa son ma'adinin, kuma a ƙarshen 2003 gwamnati ta soke yarjejeniyar.

A Afirka ta Yamma ma tsamin nan yana da tarihi a tukunya. Yasa ta yankin Kasamans a Sanagal kaza ce ko kifi da ake jiƙawa cikin ruwan lemu da albasa mai yawa, a gasa, sannan a ƙarasa cikin miyar albasar. A Gine-Bisau, masu binciken lafiya da suka bi diddigin annobar kwalara a shekarun 1990 sun gano cewa gidajen da ke sa lemun tsami a miyar da ake ci da shinkafa ba su kamu da cutar kamar sauran ba, gwajin da aka yi a ɗakin bincike kuma ya nuna ƙwayar cutar ba ta jure abinci mai tsami sosai. Sai dai wannan kariya tana da iyaka. Tsami ba ya kashe tsutsotsin da kan zauna a jikin ɗanyen kifi, musamman na kogi da tafki, don haka tarwaɗa da karfasa wuta ce maganinsu.

Matan ƙasar Hausa sun riga sun san rabin wannan ilimi. Da lemun tsami ake cire yauƙin tarwaɗa da ƙarnin kayan ciki. Mai kunun gyaɗa da ba ta samu tsamiya ba takan matsa lemu, kuma ta san ba a sa shi da wuri. Mai awara ma tana iya tsinka madarar waken suya da shi idan ruwan tsami ya yanke. Abin da aka fi zubarwa a nan shi ne bawon da ganyen, alhali a can ƙamshin yake.

Baƙin lemun Oman

Akwai inda lemun tsami ke shiga tukunya tun farko ya daɗe yana dahuwa. A ƙasashen Tekun Fasha ana tafasa ƙananan lemu cikin ruwan gishiri, a shanya su a rana na makonni har su bushe ƙayau, bawon ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, a girgiza a ji 'ya'yan suna ƙara a ciki. Larabawan yankin suna kiransa lumi, a Iraƙi numi Basra, a Iran kuma limu Amani, wato lemun Oman.

Bushewar ta canja shi gaba ɗaya. Ƙamshin ɗanyen lemu ya tafi, wani ya maye gurbinsa mai nauyi da ɗan bauri, tsamin kuma ya zauna daram yadda dogon dahuwa ba ya lalata shi. Ana huda shi da wuƙa wuri biyu ko uku a jefa cikin romo. Shi ne ke cikin ghormeh sabzi, miyar ganye da wake ta Iran, shi ne kuma ke cikin shinkafar macbus ta Bahrain da Kuwait da kabsa ta Saudiyya. Alhazan da suka tsinci wani baƙin ƙwallo a tsakiyar faranti a Makka ko Madina, lumi suka tsinta. A Iraƙi har shayinsa ake dafawa. Idan niƙawa za a yi, sai an fasa an cire 'ya'yan, don su ne masu ɗaci.

Oman ɗin kanta ta yi babbar asara. Tun daga shekarun 1970 wata cuta ta auka wa bishiyoyin lemun ƙasar, tana sa rassa su fito cunkus da ƙananan ganyaye har bishiyar ta mutu, kuma ta ƙarar da gonaki masu yawa. A yau lumi da yawa da ake sayarwa a kasuwannin yankin daga wasu ƙasashe ake kawo shi.

Lemu a cikin tanderu

Mafi shahara cikin kayan zaƙin da ake yi da lemun tsami ana danganta shi ne da jerin ƙananan tsibiran da ke kudancin jihar Fulorida a Amurka, kuma majalisar jihar ta ayyana shi cikin alamomin jihar na hukuma a 2006. Kayan haɗinsa uku ne: madarar gwangwani mai kauri da sukari, gwaiduwar ƙwai, da ruwan lemu. Ba haka kawai aka zaɓi madarar gwangwani ba. A tsibiran babu garken shanu, kuma kafin firji ya wadatu ɗanyar madara ba ta isa can lafiya, sai irin wadda Gail Borden ya samu lasisin ƙirƙirarta a 1856.

Ga yadda ake yi. A murƙushe biskit a kwaɓa da narkakkiyar bota, a danna shi a gindin faranti. A kaɗa gwaiduwa huɗu da madarar gwangwani ɗaya mai kimanin giram 400, a zuba ruwan lemu rabin kofi, a juya. Nan take za a ga haɗin ya fara kauri tun bai ga wuta ba, domin aikin da tsami ya yi wa kifin Peru shi yake yi wa furotin ɗin madara da ƙwai. A da can akan bar shi haka ya daskare da kansa. Yanzu ana gasa shi minti 15 a zafin digiri 175 saboda haɗarin ɗanyen ƙwai, sannan a sanyaya. Launinsa na gaskiya rawaya ne mai haske. Idan aka gan shi kore shar, kala aka zuba. Gonakin lemun tsibiran kuwa guguwar 1926 ta yi musu ɓarnar da ba su farfaɗo ba, don haka yawancin lemun da ake amfani da shi yanzu daga Meziko yake zuwa.

A kek da biskit, matsalar ita ce tanderu yana korar ƙamshin ruwan lemu, a ciro kek a ji tsami kawai. Masu sana'ar gashi suna kauce wa wannan ta hanya uku. Ta farko, a goge koren bawon da abin goga mai ƙananan ƙofofi, a tsaya da zarar fari ya leƙo, a zuba cikin sukari a murza da yatsu har sukarin ya yi damshi. Ƙwayoyin sukarin suna fasa ƙananan jakunkunan man da ke cikin bawo, idan kuma aka buga da bota sai maiƙon ya riƙe ƙamshin har bayan gashi. Ta biyu, a ajiye ruwan sai kek ya fito: a narkar da sukari a ciki, a huda saman kek ɗin yana da zafi, a tsiyaya a hankali ya tsotse. Ta uku ta ganye ce. A ɗumama madara ko madarar kwakwa, a jefa yagaggen ganye, a rufe na kamar rabin awa, a tace, a kwaɓa da ita. Ko kuma a zare jijiyar ganye, a daka shi da sukari a turmi, a tankaɗe, a samu koren sukari na barbaɗawa a kan biskit.

Idan ruwan lemu zai shiga kwaɓin kansa, to yana da aikin da ya wuce ɗanɗano. Haɗuwarsa da bekin soda tana fitar da iskar da ke kumbura kek, kamar dai yadda ƙullun masa mai tsami ke tasowa idan aka zuba masa ruwan kanwa. Iskar ba ta jira, saboda haka kwaɓin da aka haɗa da su ba ya zama a kwano, tanderu yake wucewa kai tsaye. Cokali ɗaya na ruwan lemu cikin kofin madara, a bar shi minti goma, yana ba da tsinkakkiyar madarar da ke sa kek laushi, ko da yake wanda ke da kindirmo a kusa ba ya buƙatar wannan dabara.

Abin kiyayewa da abin gwadawa

Tsamin da ke dafa kifi yana cin ƙarfe. Kada a jiƙa nama ko kifi da lemu a cikin tukunyar alminiyom, domin abincin zai ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Kwanon tangaran ko na gilashi ya fi. Kada kuma a bar kifi ko kaza cikin ruwan lemu zalla tsawon yini, don tsokar takan bushe ta yi gari-gari. Sai kuma fata: wanda ya matse lemu da yawa ya fita rana bai wanke hannu ba yana iya samun ƙuna har da bororo, saboda wasu sinadarai na bawon da ke kunnuwa da hasken rana. Masu sayar da lemun sha da zoɓo a bakin titi su suka fi buƙatar sanin wannan.

Ganyen makrut yana da wuyar samu a kasuwanninmu, sai a wasu manyan kantuna da ke kawo kayan Asiya, kuma busasshensa ya rasa mafi yawan ƙarfinsa. Idan aka dace da ɗanye, a wanke, a tsane, a ƙulle a leda a sa a firiza, zai yi watanni da ƙamshinsa. Amma ba dole sai shi ba. A arewacin Biyetnam ganyen lemun tsami na gida ake yankawa siriri a barbaɗa a kan dafaffiyar kaza, a ci da gishiri da masoro da ɗan ruwan lemu, kuma ba a cika taron biki babu ita ba. Irin wannan bishiyar tana nan a gidaje da lambuna da yawa daga Zariya zuwa Gaya. Ana zaɓen ganyen da ya buɗe sosai amma bai tsufa ba, daga bishiyar da ba a fesa wa maganin ƙwari ba, kuma ana sa shi a ƙarshen girki domin ya fi na makrut saurin yin ɗaci. Ganye uku ko huɗu sun ishi tukunyar farfesun kaza ɗaya.

Lumi ma ana iya yinsa a gida lokacin da lemu ya yi araha. A tafasa ƙananan lemu cikin ruwa mai gishiri na 'yan mintoci, a tsane, a baza a faifai inda rana da iska ke samunsa, a riƙa juyawa kullum. Busasshiyar iskar hunturu ta dace da aikin, damina kuwa takan sa shi fumfuna. Idan ya yi sauƙi a hannu kuma ya ƙi lotsewa, ya yi, sai a zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda babu laima.